Zomon Hagu na Merrowdene

"A hankali, Denzil! Kunnen, kunnen!"

Bryony Hatherall tana tsaye a kan katakan da aka kafa jikin bango, hannuwanta a sama, tana tarar zomon dutsen da igiya ke ɗagowa. Denzil, shugaban magina, shi ke jan igiyar daga ƙasa.

"Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake ɗaga duwatsu. Rufe baki ki kama!"

Zomon ya zauna daram a gurbinsa. Bryony ta yi wani ihu da ya tashi hankakin da ke kan bututun hayaƙi.

Tun da aka gina Merrowdene Hall zomaye biyu ke zaune bisa shirayin ƙofarsa suna kallon juna, sai bara ƙanƙara ta shiga tsagar na hagu ta fasa shi. Gida ne da hukuma ke karewa, ko ƙusa ba a bugawa sai da izini. Hunturu guda Bryony ta yi a rumfa tana sassaƙa madadinsa, yatsunta suka tsattsage. Na farko kunnensa ya karye ana gab da gamawa, magina suka ce ai ga amfanin digiri. Ta jawo sabon dutse. Yau in jami'ar hukuma ta amince, duk sassaƙen saman gidan nata ne. In ta ƙi, a sauko da zomon, a kai aikin birni inji ya yi.

Misis Ockenden, jami'ar, ta ja da baya a kan tsakuwa, ta daɗe tana kallo.

"Hannu dai kina da shi," ta ce. "Amma zomonki ihu yake yi. Gida duk ya yi ruwan zuma, shi kaɗai fari fat kamar sabon haƙori a bakin tsohuwa. Kin san maganinsa."

Ta sani. Bokitin na nan gindin bango, Denzil ya dama tun safe: nono mai tsami da kashin shanu. A shafa, dutse ya dushe, daga baya gansakuka ta kama shi.

"Kashin shanu? A kan aikina? Mamata tana hanya, har sabuwar hula ta saya. Ku bari ta gan shi da haskensa mana!"

"Yau zan yanke hukunci, kuma a kan abin da na gani."

"Kawo in shafa miki, ranki ya daɗe," in ji Denzil, yana washe baki, "kada turarenki ya ɓaci."

"Taɓa shi ka gani, tsoho."

Bryony ta sauko, ta fizgi bokitin ta sake hayewa. Ta tsaya gaban zomon, ta shafa gashin da ta fitar masa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tsoma hannu. Ta cusa cikin kunnuwa, ta bi ƙarƙashin haɓa, tana leƙen tsohon zomon na dama tana kwaikwayon duk inda ruwan sama ya bar masa zane. Wari ya cika wurin, magina suna tafi suna kukan shanu. Can ta ji ita ma dariya ta ƙwace mata.

Iska ta busar da shi, ta goge da buroshi. Tana saukowa ke nan sai ga mahaifiyarta ta ɓullo daga layin itatuwa, tana haki, hannu ɗaya dafe da hula.

"Bry! Kada ki faɗa mini, bari in gano da kaina." Ta ɗaga kai, ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Na dama! Wayyo, ji kyau! Ko a ina na ga hannunki sai na gane shi." Ta yamutsa hanci. "Wai me ke wari haka?"

Denzil ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"To, ni ba ni da sauran magana," in ji Misis Ockenden. "Sai Litinin, Mis Hatherall. Ki fara da kusurwar gabas."

Mahaifiyar ta riga ta ciro waya tana ɗaukar tsohon zomon hoto. Bryony ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

"Matsa hagu kaɗan, Mama," ta ce. "Ɗauke su duka biyun."