Ranar da Malama Ta Kare Waziri

Shugaban makaranta ya gargaɗi malamar Turanci: in ɗaliban ajin ƙarshe suka sake rubuta insha'i iri ɗaya, zai karɓe ajin daga hannunta. Ladabi ne ya yi musu yawa. Duk abin da ta faɗa game da wasan kwaikwayon da suke karantawa, wanda ya haura ƙarni huɗu da rubutawa, shi suke haddacewa su mayar mata.

Ranar da shugaban ya zo sauraro, sai da gangan ta ce, "Wazirin da ya buɗe wa maƙiya ƙofar gari a wasan nan ba shi da laifi. Ku rubuta."

Wata ɗaliba da ake kira Shiru-shiru ta miƙe. "Malama, ki gafarce ni. A fitowa ta uku ya rantse zai tsare ƙofar."

"Yunwa yake ceton mutane daga gare ta," in ji wani ɗalibi, Dogo, daga bayan aji.

"To, sarautar da ya karɓa fa, gwanin lauya?" in ji Shiru-shiru.

Aji ya kaure da gardama. Malama ta ce kowa ya zuba hujjarsa a takarda.

Shugaban ya karanta takardun, bai sami biyu masu kama ba.

"Riƙe ajinki, Malama," ya ce. "Amma ni ina bayan Dogo."