Mai Askin da Ya Ajiye Reza

"Kar ka taɓa!"

Tsawar da Dogo ya daka mini ce ta sa na saki tawul ɗin da na miƙa masa. Yatsansa kawai reza ta ɗan yanka, jinin ma ɗigo ne, amma mutumin nan ya ja da baya har ya bangaji madubi. Ni kuwa ga ni zaune a kujerar askinsa, rabin kaina fes, rabi da gashi.

"Haba Dogo, yau ka fara ganin jini? Ƙarasa mini mana, aiki na baro."

"Tashi ka je wani wuri a ƙarasa maka, Kafinta. Na rufe."

Haka na kifa hula na fita ina ƙunƙuni. Ban san askinsa na ƙarshe ke nan ba.

Dogo maƙwabcina ne. A gidan haya ɗaya muke, bango kaɗai ya raba ɗakina da nasa, ko tari ya yi sai na ji. Shagonsa yana bakin titi, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Ba wanda zai rame a unguwar nan Dogo bai yanke masa hukunci ba. Yana aski zai leƙa waje ya ce, "Kun ga wuyan rigar wancan? Ya yi masa yawa fa." Sai ya ɗaga gira, masu jiran layi su kwashe da dariya. Kowa ya san cutar da yake nufi.

Tun daga ranar nan shago ya zauna a rufe. Ba a jima ba matarsa ta same ni ina fiƙe katako a tsakar gida, idanunta sun kumbura.

"Maƙwabci, don Allah ka tambayar mini abokinka laifina. Ya ware kwanonsa da kofinsa. A ƙasa yake kwana. Jiya 'yarmu ta rugo za ta hau cinyarsa, ya ture ta."

Na tambaye shi, ya ce ba komai. Da abin ya ishe ta, ta kwashi 'yarta ta koma gidan yayanta. Bai hana ta ba, shi ma ya ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi.

Wata rana da yamma ya shigo rumfar aikina ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana wasa da ɓawon katako kafin ya buɗe baki. Ashe a wata tafiya da ya yi don sayo injinan aski, a masaukin da ya sauka ya haɗu da wata mata. Sau ɗaya ne, kuma ba kariya. Daga baya ya ji an ce tana kwance ba lafiya.

"Dube ni, Kafinta. Wandona ba ya zama sai da igiya. Ruwa nake sha kamar raƙumi, ga yatsan nan har yau bai warke ba. Ita ce."

"Kai likita ne? Tashi mu je a gwada. Ko ita ce ma, akwai magani. Mutane nawa ke sha suna harkokinsu, har da aure da haihuwa? Kuma wa ya ce maka a kofi ake ɗauka?"

"Na sani. Na fi ka sani."

"To me ya hana ka?"

"Wa zai ɗebi jinin? Mai ɗakin gwajin, ni nake masa aski. Mai gadin ƙofa ma ni nake masa. Duk asibitin unguwar nan ba kan da bai bi ta hannuna ba."

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, amma na daure na lallaɓa shi har muka shiga mota zuwa wani asibiti can nesa, inda ba a san fuskarsa ba. Mun zauna a layi, saura mutum kaɗan a kira shi, sai wani da ke gefe ya ɗan kalli wuyansa. Kallo ne kawai irin na mai jira. Dogo ya miƙe tsam ya yi waje. A bakin ƙofa na cim masa, raina a ɓace.

"Wai kai wane irin mutum ne?"

"Ka ga yadda ya dube ni? Na san abin da zai je ya faɗa. Ni na saba faɗarsa."

Daga nan ya shige ɗaki. Masu zuwa aski suka yi ta tambaya har suka gaji suka koma wani shagon. Gemu ya cika fuskar mai aski, abin dariya da ba ya ba da dariya. Ta bango nake jin rayuwarsa: ƙarar buta, jan takalmi zuwa banɗaki da dawowa, rediyon da yake kunnawa ƙasa-ƙasa don ya ji muryar mutum. In na kai masa abinci, sai ya ce in ajiye a bakin ƙofa. Tausayinsa nake ji, haushinsa ma nake ji, kuma wallahi na yi kewar surutunsa.

Wata safiya ban ji buta ba, ban ji takalmi ba. Ni na kafa ƙofar nan da hannuna, ni kuma na ɓalle ta. Yana kwance a ƙasa yana jan numfashi da ƙyar, bai san wanda ke kansa ba. Ni da maƙwabta muka kai shi asibitin unguwa, wanda yake gudu. Na aika aka kira matarsa.

Da likita ta fito, na ja ta gefe na raɗa mata abin da yake tsoro. Ta dube ni a gajiye.

"Mun duba wannan tun shigowarsa, Baba. Babu. Suga ne ya yi masa yawa, ya daɗe yana cinsa. Me ya sa sai yanzu kuka kawo shi? Da an zo da wuri, ai magani ne da kula da abinci."

"Zai tashi?"

Ta ce dai in shiga in gan shi.

Matarsa tana zaune a gefen gado. Duk sanda ta kama hannunsa, sai yatsun su motsa su zame, kamar har a can inda yake yana gudun ya shafa mata wani abu. Ta sake kamawa, suka sake zamewa. Hawaye kawai take yi, ba ta san dalili ba.

Na sunkuya na kai bakina kunnensa.

"Dogo, ni ne Kafinta. An gwada. Babu komai, ka ji? Babu."

Ban sani ba ko ya ji. Fanka tana ta juyawa a sama, wani yana tura keken marasa lafiya a baranda. Matar ta goge fuska da gefen mayafi ta sake ɗora hannunta a kan nasa.

Wannan karon hannun ya tsaya.