Dogon Idon Kawu Anghel

Ilinca ta zaro ƙafarta daga dusar ƙanƙarar da ta kai mata gwiwa, ta sake jefa ta gaba tana haki. Kafin ta kai saman tudun, dattawan ƙungiyar masu hoto ta garin Gura Cetinei sun riga sun kafa kyamarorinsu a inda suka saba, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya fuskanci ƙololuwar dutsen.

Kowace shekara hoto ɗaya suke ɗauka: ƙololuwa a tsakiya, hasumiyar coci a ƙasa, ƙatuwar bishiyar fir a hannun hagu. Yana da kyau, shi ake sakawa a kalandar gari. Bishiyar nan ta hagu ce ke ƙona wa Ilinca rai. A bayanta akwai gangaren da kamfanin katako ya aske tas, kuma a gindin gangaren mutane ke kwana. Yau da yamma majalisar gari za ta zauna ta ba kamfanin izinin sare ragowar dajin da ke riƙe ƙanƙara kada ta rufto kan gidaje. Magajin gari ya ce wurin yana da nisa da gidaje, kowa ya gyaɗa kai, don gyaɗa kai ya fi ɗaga ido sauƙi.

Ta wuce dattawan, ta yi ta matsawa hagu har bishiyar ta kauce, sannan ta leƙa ta kyamararta. Gabanta ya faɗi. Idon kyamararta mai faɗi ne, irin wanda ke kwaso sama da ƙasa gaba ɗaya ya kuma tura komai can nesa. Gangaren ya zama ɗan tabo, gidajen kamar ƙwayar shinkafa. Da magajin gari zai ga wannan hoton, da ya sa an rataye shi a ofishinsa.

Mutum ɗaya ne ke da dogon ido mai jawo nesa kusa: shugaban ƙungiyar, tsoho Anghel, wanda ya koya mata riƙon kyamara kafin ta tafi jami'a.

"Kawu Anghel, ara mini dogon idonka."

Bai ɗago ba. "Ki yi me da shi? Dutse ba tsuntsu ba ne."

"Ba ta mana, Anghel," in ji Tudose mai kantin magani, yana zuba shayi daga filas. "Ƙila a jami'a an koya musu ɗaukar dabbar beyar da ke barci a kogo."

Aka yi dariya. Ilinca ba ta yi ba.

"Gangaren zan ɗauka, Kawu. Zan kai majalisa."

Dariyar ta tsaya. Duk wanda ke wurin ya san surukin Anghel, Mitica mijin 'yarsa, shi ke tuƙa motar katakon kamfanin.

"Yarinya, mu masu hoto ne, ba 'yan sanda ba. Kyau muka zo nema."

"Kyau? Shekara nawa kuna laɓewa bayan bishiya guda? Kai ka koya mini cewa abin da mutum ya bari wajen hoto, shi ma ya ɗauka. Ko ka manta?"

"Ji bakinta! Ni kike mayar wa karatuna?"

"To kada ka ara mini. Ɗaura shi a taka kyamarar, ka zo nan ka leƙa sau ɗaya. In ka ce ba komai, wallahi na sauka ban ƙara magana ba."

Gajimare ya fara tasowa daga kwari. In ya rufe gangaren, shi ke nan sai gobe, gobe kuwa an riga an sa hannu. Anghel ya dube ta, ya dubi abokansa, ya yi tsaki. Ya ciro dogon idon daga jaka, ya murza shi a kyamararsa, ya tako inda take yana gunaguni.

Ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

Ilinca ta san abin da yake gani. Kututturai baƙaƙe sun cika gangaren kamar ruɓaɓɓun haƙora, ƙanƙara ta taru a sama ba abin da ya tare ta, a ƙasa kuma ga jan rufin gidan 'yarsa, inda jikokinsa suke.

Da ya ɗago, sai ya kwance idon ya miƙa mata. "Riƙe da hannu biyu. Ya girme ki."

Ta ɗaura shi a kyamararta. Ta ɗauki na farko. Anghel ya leƙa allon kyamarar ya girgiza kai.

"Wannan shirme ne. In za ki tona mana asiri, ki tona shi da kyau. Ƙara haske. Kyamara wawiya ce, in ta ga fari da yawa sai ta mayar da shi toka."

Ta ƙara.

"Yanzu cire ƙololuwar."

"In cire dutsen, Kawu?"

"Kowa ya san dutsen. Ido zai gudu can ya manta abin da kika zo nunawa. Sauke kan kyamarar. Rufin gidaje a ƙasa, kututturai a sama, kada ki bar sararin sama ko kaɗan. Kada mai kallo ya sami inda zai huta."

Ta sauke. Nan take hoton ya matse, gangaren ya tsaya a kan gidajen kamar bango.

"Danna mana!" in ji Tudose, wanda ya baro tasa kyamarar ya zo kallo.

"Rufe mana baki, je ka sayar da maganin tari. Jira, yarinya. Bari rana ta bugo ta gefe."

Suka jira. Gajimare ya riga ya cinye hasumiyar coci. Sai rana ta ɓullo ta wata 'yar kafa, kowane kututture ya jefa doguwar inuwa zuwa ƙasa, hayaƙin gidajen ya yi haske. Ilinca ta riƙe numfashi, ta danna.

Da yamma zauren taro ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna. Magajin gari Parvu ya gama bayaninsa, ya ba Ilinca dama da murmushin wanda ya san ƙarshen zance. Ta kunna majigi. Hoton ya cika bango.

Kowa ya zuba wa bangon ido. Can sai tsohuwa Floarea ta miƙe tana nuni da sandarta.

"Kai! Wancan ai bututun hayaƙina ne! Duk wannan a kaina yake?"

"Ga makaranta can," in ji wani daga baya.

Parvu ya ɗaga hannu. "Jama'a, a kwantar da hankali. Dabarar kyamara ce. Irin wannan idon yana haɗa nesa da kusa, kowa ya sani. Yaran yanzu sun iya wasa da na'ura. Ga gwani nan, a tambaye shi. Malam Anghel, ba haka ba ne?"

Ilinca ta dubi Anghel. Akwai gaskiya a maganar, kuma Mitica na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Anghel ya miƙe a hankali.

"Idon nawa ne. Ina wurin aka ɗauka. Yana jawo abu kusa, haka ne, ranka ya daɗe, amma bai taɓa ɗaga dutse ya ɗora a kan gida ba. Abin da ke sama yana sama. Wanda bai yarda ba, ya fita ya ɗaga kai."

Wasu kuwa suka fita. Suka dawo ba dariya.

Da aka zo ɗaga hannu, kansiloli suka riƙa satar kallon bangon, kowa na neman rufin gidansa. Izinin bai wuce ba. Floarea ta buga sandarta a ƙasa, zauren ya kaure da tafi, Tudose na ta gaya wa na kusa da shi cewa shi ya ce a danna.

Ilinca ta iske Anghel a waje yana ɗaure wuyan rigarsa. Mitica ya wuce su ko kallo bai yi ba, ya shiga mota ya buga ƙofa.

"Kawu, ban san me zan ce ba."

"Kada ki ce komai. Gefen dama ya ɗan karkace, ki gyara." Ya bi motar da kallo har ta sha kwana. "Yau dai ba za a zuba mini abinci a gidan 'yata ba. Me uwarki ta dafa?"

"Sarmale, naɗaɗɗen kabeji da nama."

"To me muke jira a cikin sanyi?"