Tabaraun Ciyaman

"Aji biyu?" Maman Auta ta maimaita, har jakarta na zamewa daga cinyarta. "Malama, ko dai kin haɗa ta da wata? Auta fa nake nufi, 'yar Ciyaman."

Malamar aji huɗu ba ta yi musu ba. Sai ta juyo mata da fuskar kwamfutar da ke kan tebur. Ga hoton Auta a sama tana murmushi da giɓinta, ga layuka a ƙasa, ja wur daga farko har ƙarshe.

Tun farkon zangon nan makarantar ta ɗora yara a kan wata manhajar koyon karatu ta waya, mai hoton aku. Yaro zai karanta da ƙarfi, akun ya saurara. In ya yi daidai ya tafa fukafukai, in ya kuskure ya ce a sake. Kowane yaro da shafinsa, kuma duk abin da ya yi a gida yana isowa ga malamarsa. To, akun nan ne ya ce Auta ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Auta kuwa yarinya ce da rubutu ba ya wuce ta lafiya. Kwalin sabulu, bayan mota, takardar da aka ƙunso ƙusa, duk sai ta karanta wa mutane ko ba su tambaya ba.

"Ni ma abin ya ɗaure min kai," in ji Malama. "A aji ba ta da na biyu. Amma doka ta ce abin da manhaja ta nuna shi ne. Kin kuma san wanda ya kawo dokar."

Ta sani mana. Mijinta ne, mai shagon kayan gini, shugaban kwamitin iyaye, wanda kowa ke kira Ciyaman. Shi ya miƙe a taro da tabarau a goshi, ya buga tebur ya ce malami yana da 'yan gaban goshi, na'ura ba ta da su. Ranar an yi masa tafi har da tsayuwa.

"Manhajar tana ajiye murya," Malama ta ce. "Yara sun yi min yawa, ban taɓa saurara ba. Bari mu ji inda take kakarewa."

Ta danna. Aka fara jin ƙarar fanka. Sai aka yi tari, tarin da Maman Auta za ta gane ko a tsakiyar kasuwa. Sai murya, murya mai kauri ta babban mutum, tana rarrafe.

"Ma... ma-ka... maka..."

"Sake gwadawa!" in ji aku cikin fara'a.

"Ma-ka... na..."

Malama ta kashe da sauri kamar ta taɓa wuta. Maman Auta ta yi mutuwar zaune. Malama ta duƙar da kai tana gyara alli a cikin kwali, allin da ba abin da ya same shi. Duk wanda ya taɓa zama taron iyaye ya san wannan muryar.

Aka kira Auta daga aji. Ta shigo ta durƙusa ta gaida su, idonta ya sauka kan kwamfutar, sai fara'arta ta ɗauke.

"Auta, muryar wa ce a shafinki?" uwarta ta tambaya.

"Tawa ce, Mama."

"Taki?"

"Mura nake yi lokacin."

"Kin san za a mayar da ke aji biyu? Cikin ƙananan yara?"

Hawaye suka cika wa yarinyar ido, amma ba ta sauya magana ba. "Ba komai, Mama. Ai kujerunsu sababbi ne."

Bayan ta fita, Malama ta yi magana ƙasa-ƙasa. Hanya ɗaya ce. Dokar ta ce mai ƙorafi ya kai gaban kwamitin iyaye, a kunna muryar kowa ya ji da kunnensa, don kada a ce an yi rufa-rufa. Wannan ma Ciyaman ne ya ƙara shi da bakinsa. Kwamitin zai zauna yau da yamma. In ba a kawo ƙorafi ba, gobe Auta ta ɗauki jakarta ta sauka ƙasa.

A cikin bas, kwandasta sai da ya taɓa kujerarta sau biyu kafin ta ji yana magana. Shekarun aurensu take juyawa kamar mai neman allura a cikin tsumma. "Karanta min, Maman Auta, idona ya gaji." "Na bar tabarau a shago." Ko kuma tabaraun na goshi, amma sun yi ƙura. Saƙon waya kullum na murya ne, wai rubutu ɓata lokaci ne. Takardar asibiti, katin gayyata, sakamakon yara, duk ita ke karantawa, shi yana kishingiɗe yana gyaɗa kai kamar alƙali. Ita kuwa har daɗi take ji, tana cewa mijinta yana ba ta girma. Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi, sai kunyar kanta ta rufe su duka. Wace irin mace ce za ta haifi 'ya'ya da mutum, ta aurar da babbar, ba ta san bai iya karatu ba?

Ta tarar da shi a ƙofar shago, jarida a buɗe a cinyarsa, yana yi wa wani magini lissafin siminti da rodi da ka, tun kafin akawunsa ya gama danna na'ura. A lissafi kam ba a ja da shi.

"A'a, Maman Auta da rana tsaka? Keken ɗinkin naki ne ya shiga yajin aiki?"

"Magana ce da ni, Baban Auta. Ciki."

Suka shiga sito, tsakanin buhunan siminti da kwanon rufi. Ta faɗa masa komai a tsaye, ba ta tauna ba. Da ta zo kan muryar, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Ciyaman ya sulale. Ya zauna a kan buhu da fararen kayansa.

"Akun nan... yana kai wa makaranta?" ya ce. "Muryar mutum?"

"Kai ka kawo shi, ba ka san abin da yake yi ba?"

"Mutumin da ya zo tallarsa ya ba ni takardar bayani." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Na sa a aljihu."

Ya ci gaba, yana kallon ƙasa. Ya ga yadda Auta ke hira da akun, sai ya ji sha'awa. Akun ba ya dariya, ba ya kai gulma, ko sau nawa ka faɗi cewa yake sake gwadawa. Ya so ya buɗe shafin kansa, amma buɗewar ma sai an karanta. Auta ta same shi yana ta dannawa, ta ce, Baba yi da nawa. Tun daga nan, kullum ta dawo makaranta ta biyo shago, su shige nan sito.

"Yarinyar nan ta ce mura take yi," in ji Maman Auta. "Ta yarda ta koma aji biyu, Baban Auta. Saboda kai."

Ya rufe fuska da tafukansa. Can ya ɗago. "A ce mai gadi ne mana. Ko akawu."

"Za a kunna a gaban kowa. Akwai wanda bai san tarinka ba?"

"To a bari. Shekara ɗaya ce, ko biyu. Yarinya ce, za ta kamo su." Bai iya kallonta ba da ya faɗa. "Kin san su waye a kwamitin nan? Lauya. Likitan haƙori. Ni na kayar da lauya a zaɓe. Gobe da wane ido zan fito kasuwa?"

Gaba kura, baya sayaki. Ta so ta yi masa ihu, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma mutumin da ke zaune a kan buhun nan ruwa ya riga ya doke shi.

"Ni ba zan kai ƙorafi ba," ta ce. "Ba da bakina za a ji ba. Amma zan zo in zauna."

Da yamma zauren makaranta ya cika. Iyaye a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Maman Auta ta zauna a layin gaba, Auta a gefenta tana wasa da igiyar jaka. Ciyaman ya shigo a makare, ya sauya kaya, tabarau a goshi. Ya buɗe taro da barkwancinsa kamar kullum, aka yi dariya. Aka yi maganar famfo, aka yi ta katanga. Bai kalli inda suke ba ko sau ɗaya, har zuciyarta ta fara yanke ƙauna.

Sakatare ya miƙe ya ce saura batun yaran da manhaja ta mayar baya. Ya karanto sunaye, na Auta a ciki. Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Lauya ya gyara wuyan riga.

"Akwai mai ƙorafi?" sakatare ya tambaya. Ba wanda ya motsa. "To, in babu..."

"Akwai."

Ciyaman ne. Ya sauko daga kan dandamali, ya zo har gaban matarsa, ya cire tabaraun ya ɗora mata a tafin hannu.

"Riƙe min," ya ce a hankali. Sannan ya juya. "Malama, kunna na 'yata. Ki ƙara murya, na baya ba sa ji."

Auta ta zabura. "Baba, a'a!"

"Zauna, uwata."

Fanka. Tari. Tun daga tarin kawuna suka fara juyawa.

"Ma... ma-ka... maka..."

"Sake gwadawa!"

Wata mata ta dafe ƙirji. Likitan haƙori ya saki baki har ana ganin aikinsa. Wannan karon Malama ba ta kashe ba, sai aka ji abin da Maman Auta ba ta ji ba da safe: wata 'yar murya tana raɗa kusa da wayar.

"A hankali, Baba. Ba wanda ke jin mu. Ka kusa."

"Ma-ka... ran... ta. Makaranta."

Akun ya tafa fukafukai, tafinsa ya cika zauren, shi kaɗai. Maman Auta ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta ɗaga tabaraun da ke hannunta ta leƙa. Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Gilashi ne kawai irin na taga.

Ciyaman ya tsaya a tsakiyar zauren, goshinsa fayau, sai shatin da tabaraun suka bari.

"Na ce muku na'ura ba ta da 'yan gaban goshi, kuma ban janye ba," ya ce. "Ɗalibin da kuka ji, aji biyu ya dace da shi. In akwai benci, zai zo. Ita kuwa malamarsa, a mayar min da ita ajinta."