Hatsin Bakin Gona

A cikin 'yan tsirarun Kiristocin Dakoro babu wanda ya kai Harouna riƙe magana da zarar ta shiga kansa. Wata Lahadi fasto ya karanta musu inda Littafi ya ce manomi kada ya girbe gonarsa har iyaka, ya bar wa matalauci da baƙo rabonsu. Sauran jama'a suka ce amin suka tafi cin tuwo. Shi kuwa Harouna tun daga kakar nan yake barin kunya huɗu na bakin gonarsa da ke hanyar Sabon Maci, hatsi tsaye da zangarniyarsa, ba ya taɓawa. Yakan ce ƙasa ta Allah ce, manomi aro aka ba shi, kuma wanda ya kwashe duka ya ci abin wani.

Matarsa Laila ba ta taɓa yi masa musu ba. Takan dai dube shi irin duban da ake yi wa yaron da ya sa riga a baibai.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu bai cika ba. Duk da haka ya bar kunyoyinsa. Wata rana da safe ya leƙa gonar, sai ya tarar an yanke zangarniyar ɗaya daga ciki tas, ya yi murna ƙwarai. Amma da ya sunkuya ya dubi sawun, murnar ta koma ciki. Takalmin Laila ne, wanda shi da kansa ya liƙe wa dunduniya da faci.

Abin ya yi masa ciwo. Hatsin bai dame shi ba kamar tunanin cewa matar da suke durƙusawa addu'a tare tana kwashe rabon Allah a bayan idonsa. Ya kasa tambayarta, ya kuma kasa cin abinci da daɗi.

Washegari da hantsi ya ga ta fita da kwando, ya bi ta daga nesa kamar ɓarawon akuya. Ta shiga gonar, ta yanki zangarniya ta cika kwandon, ta ɗora a ka. Maimakon ta nufi gida, sai ta karkata zuwa gidan Inna Aisata.

Kowa a Dakoro ya san Inna Aisata. A da, mijinta babban ɗan kasuwar hatsi ne da ke kai kaya tsakanin Maradi da Najeriya, kuma a ƙofarta ake layi da azumi ana karɓar sadaka. Ya rasu, dukiya ta watse, ta rage da jikoki. Harouna ya tsaya bayan darni yana jin Laila tana roƙon tsohuwar ta taimaka mata da sussuka, wai bayanta na ciwo, in ta gama ta riƙe hatsin ladan wahalarta, ita ƙaiƙayin kawai take so saboda awaki. Inna Aisata ta yi mata faɗan ragwancin matan yanzu, sannan ta karɓa.

Da Laila ta fito ta gan shi, ba ta ko razana ba.

Ya ce, "Mi ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Maigida, matar da ta raba ma gari sadaka za ta tahi kala bakin hanya kowa na kallo? Ta gwammace ta kwan da yunwa. Duk shekarun nan tsuntsaye ka ke ciyarwa, har sun san ranar da ka ke gama girbi."

Kunya ta kama Harouna, wani daɗi kuma ya cika masa zuciya, har dariya ta kuɓuce masa. Ya karɓi kwandon daga hannunta, suka koma gonar tare, ya shiga yanka.

Da kwandon ya cika ya kai hannu zai ɗauka, Laila ta riƙe shi.

"Ajiye," in ji ta. "In ta gan ka da shi, ta san kyauta ce. Ni ce mai ciwon baya."