Goyon Wayam

A zamanin da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa iyaka tsakanin Illela da Ƙwanni, an yi wata mata a bayan kasuwa da ake kira Baraka. Kirista ce, a gidan mishan ta tashi cikin yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi. Da ta girma sai ta ɗauki renon jariran da iyayensu mata suka rasu, tana shayar da su nonon awaki uku da take kiwo.

Baraka ba ta iya cewa a'a ba. Ta tuna an taɓa yar da ita, to yaya za ta mayar da ɗan wani? Ga Lahadi, ranar hutunta da addu'a, ita ce ranar kasuwar Illela, ranar da mutanen ƙauye ke sallama a ƙofarta. A haka jarirai suka kai shida, ita kuwa ta rame har wuyanta ya yi rami.

Wata safiya ta tafi rijiya tana jijjiga baya, tana yi wa Lawwali, ƙaraminsu mai zazzaɓi, waƙar rarrashi. Hindatu maƙwabciyarta, matar wani falke, ta tsaya tana kallonta.

"Baraka, wa kika goyo?"

Ta kai hannu baya. Majanyi a ɗaure tam, ciki wayam. Ta saki guga ta ruga gida, ta tarar da yaron kwance cikin rana kusa da turken awaki, muryarsa ta dishe. Bai mutu ba, amma ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba, tsoron kanta.

"Baya guda Allah yab ba ki," in ji Hindatu tana fifita yaron. "In kin faɗi, wa ka goyon shiddan?"

Lahadin da ta biyo, Halliru, wani masunci daga Kalmalo, ya iso da jaririya cikin tsumma, ƙanwarsa Jamilatu na biye.

"Uwatta ta rasu shekaranjiya. An ce ba ki maida kowa."

Baraka ta leƙa fuskar yarinyar, hannuwanta har sun miƙe da kansu. Ta janye su.

"Ba ni iyawa, Malam."

Maganar ta yi mata ɗaci a baki. Ta kwance akuyar da ta fi nono ta miƙa masa igiyar, ta nuna wa Jamilatu yadda ake tafasa nonon, a sirka da ruwa, a ɗiga da ludayi. Da suka fita ta saki asabarin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Ta buɗe Littafinta Mai Tsarki, kuka ya hana ta karatu. A nan barci ya kwashe ta har la'asar, Hindatu ta tsare mata yara.

Kasuwa biyar ta ci babu labari. Lawwali ya warke ya yi kumatu, amma kowace Lahadi idonta na kan hanyar Kalmalo.

A ta shida ta hango Halliru shi kaɗai, janye da akuyar. Mai jariri ba ya dawo da akuyar nono sai in babu bakin sha.

"Ɗiyar fa?" ta tambaya da ƙyar.

"Lahiya lau. Jamilatu ta yi ta aza ta ga nono, tsohi sunka ba ta saiwar magani tas sha, ruwan nono ya zo." Ya miƙa mata igiyar. "Da kin amshe ta rannan, da ba ta samu uwa ba."

Baraka ta karɓi igiyar, ta zauna a dokin ƙofa.