Majigin Kurkunu a Ruwan Bago

Da ƙyar Lukumanu malamin tsabta ya samo aron sabuwar na'urar majigi daga Kano, bisa sharaɗin ya mayar da ita washegari. Ba irin akwatin talbijin ɗin da yake ɗorawa a kan batirin mota ba ce, wanda sai 'yan sahun gaba ke gani. Wannan kaset ake sa mata, ta watsa hoto ya kai girman ɗaki, muddin ta sami farin wuri. Shi ya sa ya tsaya a Rogo ya yanko farin yadi.

Damina ta kama, kurkunu ya kwantar da manoman Ruwan Bago, gonaki sun cika da ciyawa. Lukumanu ya yi ta faɗa musu daga ruwan tafki cutar take, a riƙa tacewa, su kuwa sai su ce, "To, Malam, Allah ya sawwaƙe," su koma su kamfata su sha. Yau dai so yake su gani da idonsu.

Yana ɗaure yadin a ƙofar gidan mai unguwa Ɗanmaliki bayan azahar, sai ga wani makiyayi, Hammawa, daga ruga, ya durƙusa. Mahaifinsa ya rasu, ba likkafani, kasuwa kuma ba ta ci yau.

Mai unguwa ya dubi yadin, ya dubi Lukumanu.

"Ranka ya daɗe, gari guda a rasa likkafanin ajiya? Shekara nawa ina cewa a shafa wa ko bango ɗaya farar ƙasa?"

"Za a shafa, Malam. Yanzu dai mamaci yana jira."

Lukumanu ya juya ga yadin. Da hannunsa ya kwance igiyar, ya naɗe yadin, ya miƙa wa Hammawa, ya yi masa ta'aziyya.

Bayan magariba ya tayar da janareta, ya haska majigin a jan bangon zaure. Gari ya taru, har da masu jan ƙafa da sanda. Wata mata ta bayyana a bangon, ta ɗebo ruwan tafki, ta tace da ƙyalle, sannan ta ɗaga kofunan gilashi biyu. A kaset ɗin, ɗaya jawur yake, ɗaya garau. A bangon kuwa duka biyun kalar kunun kanwa suka fito.

"Ku duba na damanta!" in ji Lukumanu, yana buga bangon da tafi. "Wallahi fari ne tas!"

Goggo Talatu, wadda 'ya'yanta biyu ke kwance, ta matso har tana shafa bangon, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗan nan, kada ka yi rantsuwa a banza. Wahala kawai baiwar Allah ta sha, ruwan yana nan yadda yake."

Aka fashe da dariya. Ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake nunawa, ya sake. Mata suka fara goya 'ya'yansu suna watsewa, shi kuwa yana tsaye cikin hasken, yana nuna kofi da yatsa.